Mai Makulli da Kyanwar Matarsa

A bakin titin da ya ratsa unguwa ya nufi kasuwa, tsakanin shagon mai wanki da guga da wani kantin magani, akwai wata 'yar rumfa da faɗinta bai wuce mutum ya buɗe hannuwansa biyu ba. A nan Mai Makulli ya shafe shekara talatin da ɗoriya. Da wannan sunan kowa ya san shi, har matarsa ma in tsokana ta motsa mata haka take kiransa. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: injin yanka makulli da fentinsa ya koɗe, magagari uku, 'yar guduma, sai allon katako da aka jera wa ƙusoshi, makullai iri-iri suna reto a jiki. In babbar mota ta wuce sai su ɗauki kacau-kacau, shi kuwa ya ce kunnensa ya daina jin su tun kafin a haifi autarsa.

Ba da wannan sana'a ya fara ba. Da ƙuruciyarsa walda yake yi a wata masana'antar gadajen ƙarfe, har ranar da suka yi sammako suka tarar an garƙame ƙofa da wani ƙaton kwaɗo, an manna takarda cewa aiki ya tsaya. Yakan ce wannan ne kwaɗon farko da ya taɓa tsayawa ya ƙare wa kallo. Ya yi watanni yana buga-buga kafin wani tsoho mai gyaran kwaɗuna ya ja shi a jiki. Tsohon ya koya masa yadda ake jin cikin kwaɗo da ɗan yatsa, ya kuma kafa masa doka guda: kada ya kuskura ya buɗe wa kowa ƙofa sai maƙwabci ya tsaya ya shaida cewa ɗakin nasa ne. Da wannan doka ya tsufa. Ko da hawaye ka zo masa kana cewa makullinka ya faɗa rijiya, sai ya ɗauki jakarsa ya bi ka, amma ba zai taɓa ƙofar ba sai ya ƙwanƙwasa ta kusa da ita. Wasu sun yi fushi da shi a kan haka, daga baya kuma su ne suka riƙa turo masa 'yan uwansu.

Gidansa a ƙasan wani bene yake, ɗaki biyu da falo, da 'yar baranda mai kallon titi wadda katangarta ba ta wuce ƙugu ba. 'Ya'ya huɗu suka haifa, duk sun kama gabansu. Matarsa, wadda yake kira Maman Auta, saƙar rigunan jarirai take yi, kuma tun da ciwon gwiwa ya sa ta gaba, duniyarta ta koma daga gado zuwa kujerar baranda. Daga nan take gaisawa da masu wucewa, daga nan take sanin wa ya haihu, wa ya tashi, wa ya sayi sabon babur.

Ranar da Auta, ƙaramar 'yarsu, ta samu aiki a wani gari mai nisa, sai ga ta da kwando an rufe shi da tawul.

"Baba, amana na kawo muku," in ji ta. "Gidan da na kama ba a yarda da dabba."

Ya ɗaga tawul ɗin, ya ga wata farar kyanwa mai dogon gashi tana hararsa kamar shi ne baƙon. "Amana mai gashin baki? Ke, 'ya'yan wasu, firji suke kawo wa iyayensu."

"Sunanta Auduga. Ba ta ɓarna, Baba, barci kawai take yi."

"To ai ta samu gidan da ya dace da ita," ya ce, yana satar kallon matarsa. Ita kuwa ta miƙa hannu ta karɓi kwandon, ta ce ya je ya ji da kwaɗunansa.

Cikin mako guda Auduga ta mallaki gidan. Ta zaɓi kujerar da Mai Makulli yake zama ya sha shayi, ta zaɓi tagar da rana take fara bugowa, da hantsi kuma ta haye katangar baranda ta naɗe ƙafafu, masu wucewa suna tsayawa suna yaba kyanta. Shi dai bai ce yana son ta ba. Amma ya lura matarsa ta rage ƙorafin gwiwa, ta koma yin hira da rana tsaka, ko da kuwa da kyanwa ce. Don haka in zai dawo yakan biya wurin mai kifi ya karɓo 'yan kawuna a leda, ya ajiye mata a kicin.

Shekara biyu ana haka, sai aka fara jin ƙishin-ƙishin. Yau a ce an ɗauke aku daga tagar wani gida, gobe a ce zomayen wasu yara sun yi ɓatan dabo. Mai Makulli bai ɗauki abin da zafi ba sai da Tsohon Direba ya zo rumfarsa. Wannan abokinsa ne na shekaru, ya tuƙa motar haya har idonsa ya gaza, matarsa ta rasu, ba shi da abokin zama sai wani jan kare mai suna Birki. Ranar ya zauna a benci bai ko yi sallama da ƙarfi ba.

"Mutumina, ba ni kwaɗo mai kyau."

"Na ƙofa ko na akwati?"

"Na ɗakin Birki."

Mai Makulli ya ɗago. "Ina shi Birkin? Yau ban ga ya biyo ka ba."

Tsohon Direba ya daɗe yana murza hularsa a hannu. Ashe jiya ya ɗaure karen a jikin turken lantarki ya shiga kanti sayen sabulu. Bai yi minti biyar ba. Da ya fito sai igiya ya tarar, an yanke ta da abu mai kaifi.

"To kwaɗon fa na mene ne yanzu?" Mai Makulli ya tambaya a hankali.

"In ya dawo."

Ya zaɓo masa mafi ƙwari a cikin kayansa, ya sa masa a aljihu, ya hana shi ciro kuɗi. Da ya koma gida ya ga Auduga a kan katanga, fara sol kamar an ajiye ta talla, sai ya tuna da Birki. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Washegari bai buɗe rumfa ba. Ya aro injin walda, ya sayo raga da ƙarafa, kafin la'asar ya kewaye barandar tun daga katanga har rufi, ya yi mata ƙofa, ya rataya kwaɗo. Ya ja da baya yana kallon aikinsa, ransa fes.

Maman Auta ta leƙo ta raga. "Sannu da aiki, Mai Makulli. To laifin me muka yi, ni da ita? Shekara nawa aka yanke mana?"

"Rigakafi ya fi magani."

"Haka ne. Amma jiya maƙwabciya ta miƙo mini jaririnta ta kan katangar nan na ɗauka. Yau ta ina za ta miƙo shi?"

Ya sunkuya ya tattara kayan aikinsa. Auduga ma ba ta yi masa godiya ba. Kwana uku tana zirga-zirga a jikin raga tana kuka, ta ƙi kifi, ta ƙi madara, ta koma ƙarƙashin gado. A rana ta huɗu ya dawo da injin walda, ya yanka wata taga a jikin ragar daidai kujerar matarsa, mai sakata ta ciki. In tana zaune ta buɗe, ta yi hirarta, kyanwa ta hau katanga a gaban idonta. In za ta shiga ciki ta ja sakata. Da haka aka sasanta, kowa ya samu rabin abin da yake so.

Daga nan hankalinsa ya koma kan alama. Yana da wasu ƙananan ƙarafan buga harufa da ya gada wurin tsohon maigidansa, waɗanda yake sa wa makullan otal lamba da su. Ya yanko 'yar tagulla kamar girman kwabo, ya buga lambar wayarsa, ya huda ta, ya rataya wa Auduga a wuya da siririyar fata. Masu wucewa suka gani, suka fara zuwa rumfa da nasu. Wannan ya kawo kare, wancan ya kawo muzuru a cikin jaka. Mai wanki da guga ya riƙa yi masa dariya, wai ya tashi daga Mai Makulli ya koma maƙerin 'yan kunnen maguna.

Matarsa ce ta rage masa zafin kai. Wata rana tana taje Auduga, ta sa ɗan yatsa ta ɗaga fatar wuyan, ta ce, "Baban Auta, wannan abin naka na wanda ya tsinci dabba ne yana neman mai ita. Wanda ya sata fa? Reza ɗaya ta ishe shi."

"To me kike so a yi? In yi mata walda a jiki?"

"Kawo hannunka." Ta kama yatsunsa ta bi da su cikin gashin wutsiyar har kusa da ƙarshe. Ya ji wani ɗan ƙulli, ƙashin ya karkace. "Ƙofa ce ta taɓa datse ta tana ƙarama. Ido ba ya gani, sai hannu." Sannan ta juya ƙafar baya ta hagu, ta nuna masa wani baƙin ɗigo a tafin, sauran duk jajaye ne. "Wannan kuma da shi aka haife ta. Waɗannan ba mai cire su."

Ya jinjina kai. A sana'arsa ma haka ne, makullai dubu za su yi kama a ido, amma kowanne da haƙoransa. Da safe ya sayi babban littafi mai bangon kwali. Shafin farko na Auduga ne: hotonta, launinta, ƙullin wutsiya, ɗigon tafi, da kwanan wata. Daga ranar, duk wanda ya zo buga tagulla sai ya zaunar da shi ya ce, "Faɗa mini abin da ka sani a jikinta wanda ɓarawo bai sani ba." Abin mamaki, da yawa sai su yi tsuru-tsuru. Mutum ya shekara biyar da karensa amma bai san haƙorinsa ɗaya ya gutsure ba. Sai su duba tare, a buɗe baki, a ɗaga kunne, a shafa ciki, ya rubuta da fensir da manyan harufansa masu kama da na allon mota. Hoton kuma dole a ɗauka mai dabba na riƙe da ita, a wanko a manna. Tsohon Direba ma ya kawo wani tsohon hoton Birki, aka buɗe masa shafi, aka rubuta tabon ƙuna a cinyar dama, inda salansar babur ta taɓa shi.

An ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wanda ya tsaga bangon kuwa ba kowa ba ne, shi ne da kansa. Wata safiya zai kai matarsa asibiti a duba gwiwar, mai tasi yana ta danna oda a waje, ita tana dogara sanda, shi yana riƙe da jakarta da katin asibiti da robar ruwa. Ya ja ƙofar raga, ya rataya kwaɗo, ya juya ya tallafe ta. Bai danna ba.

Sai bayan azahar suka dawo. Ƙofar raga a buɗe, kwaɗo na lilo. Ba a taɓa komai ba, ƙofar falo a kulle take, ko zaren saƙa bai motsa ba. Auduga ce kawai babu. Suka duba ƙarƙashin kujera, bayan tukwanen fure, ya fita ya bi layi yana kira, abin da bai taɓa yi da bakinsa ba. A cikin kwata, taku goma daga gida, ya ga wani abu na ƙyalli. Tagullar ce, da fatarta an yanke.

Mai sayar da 'ya'yan itace a tsallaken titi ta ce ta ga wani da babur ya tsaya wajen ƙarfe goma kamar mai gyara sarƙa, ya shiga baranda, ya fito da kwali. "Wallahi Baba, na zaci ku kuka aiko shi. Ko waige bai yi ba."

Ya koma ya zauna a bakin baranda da tagullar a tafin hannu. Shekara talatin yana yi wa mutane faɗa a kan danna kwaɗo. Ya jira matarsa ta faɗi wata magana, ko da mai zafi ce, don ya samu sauƙi. Ba ta faɗa ba. Ta zuba masa abinci ta turo gabansa.

"Ci, Baban Auta. Ni ka riƙe da hannu biyu, shi ya sa. Da kwaɗon ka riƙe ka sake ni, da yanzu wani zancen ake yi."

Ta koma kujerarta ta ɗauki saƙa, amma ya lura har rana ta yi sanyi layi ɗaya take warwarewa tana sakewa.

Kwana biyu yana yawo. Ya wanko hotuna ya manna a kantin magani da shagon aski, ya je wurin likitan dabbobi ya bar lambarsa, ya kai rahoto ofishin 'yan sanda, inda wani ya rubuta da ladabi yana danne dariya. A rana ta uku Tsohon Direba ya zo da sassafe, ya sa takalmin tafiya.

"Tashi mu je bayan tasha, inda ake sayar da tsuntsaye. Ba a fito da irin wannan kaya ranar farko, sai ƙura ta lafa. Na yi wata huɗu ina zaga wurin nan, na san shi kamar yunwar cikina."

Wurin wani dogon layi ne mai rufin kwano, kejuna a jere hagu da dama, tattabaru, zomaye, kanari, 'yan kwikwiyo. Wari da hayaniya kamar su ɗage rufin. Suka bi rumfa-rumfa a hankali, Mai Makulli na rungume da littafinsa a cikin leda. A rumfa ta kusa da ƙarshe, can ciki bayan wani kejin aku, ya hango farin abu a dunƙule. An rage mata gashi, an ɗaura mata jan ƙyalle a wuya, amma zaman nan na naɗe ƙafafu ba ya ɓoyuwa.

"Auduga," ya ce a hankali.

Ta buɗe ido ɗaya, ta dube shi, ta mayar ta rufe. Tsohon Direba ya yi tsaki. "Ka ga halin kyanwa. Da kare ne da tuni ya fasa kejin."

Mai rumfar ya taso, wani mai matsakaicin shekaru, da tawul a kafaɗa. "Baba, a kawo ta ne? Irin ta waje ce, ba ta da matsala."

"A ina ka same ta, malam?"

Nan take fuskarsa ta canza. "Me ya kawo wannan tambaya? Kayana ne. Fararen maguna sun fi dubu a garin nan, kowa ya ɓatar da tasa sai ya zo ya ce ita ce?"

"Ban ce komai ba tukuna," in ji Mai Makulli.

"Mai kaza a aljihu," Tsohon Direba ya fara, amma abokinsa ya dafa masa hannu ya yi shiru. Mutane sun fara taruwa, kuma ya san in aka ambaci sata da ƙarfi a irin wannan wuri, magana ta fita daga hannun masu ita. Ya waiwaya ya ga wani dattijo mai sayar da zomaye a rumfar gefe, ya ƙarasa ya gaishe shi.

"Yallaɓai, ni aikina buɗe ƙofofi ne, kuma ban taɓa buɗe ko ɗaya ba sai da shaidar maƙwabci. Kai ne maƙwabcinsa. Ka shaida ban taɓa kyanwar nan ba, ban ko matsa kusa da kejin ba. Ga littafi, karanta shafin farko, ka dubi kwanan watan, sannan ka duba da hannunka. In ba haka ba ne, zan ba shi haƙuri a gaban kowa in tafi."

Dattijon ya ciro tabarau, ya karanta a fili yana bin layi da yatsa. Ya buɗe keji, ya ɗauko Auduga kamar yadda ake ɗaukar zomo, ya bi wutsiyar da yatsu biyu. Da ya kai kusa da ƙarshe sai ya tsaya. Ya juya ƙafar hagu ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Sannan ya dubi mai rumfar ta saman tabarau.

"Ɗan'uwa, ba shi abarsa."

Mai rumfar ya goge gumi da tawul. Muryarsa ta sauka. Ya rantse shi ba ya sata, wani ne mai babur ya kawo ta shekaranjiya ya ce tafiya za ta kama shi, bai san sunansa ba, bai san gidansa ba. "Yanzu ni asara ta hau kaina, ga kunya a gaban abokan sana'a."

"Na yarda ba kai ka shiga gidana ba," Mai Makulli ya ce. "Amma da ɓarawon ba shi da inda zai kai, da bai ɗauka ba. Mai dabba na gaskiya ba ya rasa hotonta a wayarsa, ko labarinta a bakinsa. Ka tambaye shi me take ci, me take tsoro, ka ga ko zai iya amsawa. In kuma ka yi shakka, ga lambata. Duk dabbar unguwarmu tana cikin littafin nan."

Ya rubuta lambar a bayan wani kwali ya miƙa masa. Mutumin ya karɓa, ya soke ta a jikin ƙusa.

A cikin jakar kayan aiki ya kawo ta gida, kanta a waje, tana yi masa kuka tun daga tasha har ƙofa kamar shi ya sace ta. Maman Auta na ganinsu ta yar da saƙa a ƙasa. Ba ta yi kuka ba, sai dai ta yi ta cewa, "Wa ya yi miki wannan askin? Wane mara imani ne?" Auduga ta zille ta shige ƙarƙashin gado, ba ta fito ba sai washegari da hantsi, ta haye cinyar uwar ɗakinta ta yi barci har la'asar. Sai a ranar suka kira Auta a waya suka ba ta labari, tunda ya zama mai daɗin faɗa.

Mai Makulli bai sa rai mai rumfar zai kira ba. Sai bayan wata guda wayarsa ta yi ƙara yana tsakiyar yanka makulli.

"Baba, ni ne na bayan tasha. An kawo mini wani baƙin muzuru, mai shi ya kasa faɗa mini sunansa. Duba mini littafin nan naka."

Ya duba. Na mai kantin magani ne, kunnen dama a tsage, kwana biyu ana nemansa. Kafin shi da mai kantin su isa, wanda ya kawo muzurun ya ce zai je ya yi fitsari, har yau bai dawo ba. Bayan wannan dattijo mai zomaye ma ya karɓi lambar, wasu biyu suka bi bayansa. Ba a daina sata a duniya ba, amma dabbar wannan unguwa ta zama kaya mai wuyar sayarwa, kuma labari irin wannan ba ya daɗewa bai kai kunnen masu babur da kwali ba. Mutane kuma suka koyi abin da ba a rubuta a littafi ba. Ba mai ƙara ɗaure kare a ƙofar kanti ya shige. Mai 'ya'yan itace kuwa, duk baƙon da ta ga ya tsaya gyaran sarƙa a layin, sai ta tsallako ta tsaya a kansa tana yi masa sannu har ya tafi.

Birki dai ba a gan shi ba. Sau biyu ana kira a ce ga jan kare, su ɗunguma su je, a ɗaga cinya babu tabo. Tsohon Direba bai sake ɗaukar wani kare ba, ya ce shekarunsa sun wuce fara sabon abota. Amma kullum da hantsi yana bencin rumfa, shi ke riƙe ƙafafun dabba in ana duba alama, shi ke yi wa masu karnuka huɗuba a kan igiya. Da littafin ya cika aka sayi na biyu, Mai Makulli ya tambaye shi ko a bar shafin Birki a tsohon. Ya ce a'a, a kwafe shi a sabon. Aka kwafe.

Yanzu idon Mai Makulli ya fara rauni, sai ya kai makulli kusa da hanci yake ganin haƙoransa. 'Ya'yansa suna ta matsa masa ya rufe rumfa ya huta, yana ce musu sai an samu wanda zai riƙe littafi. Kwanan baya wata malamar makaranta da ta yi ritaya ta zo da kwandon wanki a kai, ta sauke a kan teburinsa. Ya leƙa ya ga kunkuru, ƙato, bayansa ya yi sulɓi don tsufa.

"Na mahaifina ne," ta ce. "Ya girme ni. Jiya na ga wani yana leƙen lambuna ta kan katanga, hankalina bai kwanta ba. A buga masa tagulla."

"Malama, a ina za a rataya? Wuyan nan in ya ga dama yanzu zai mayar da shi ciki."

"To a sa shi a littafi."

Tsohon Direba ya kwashe da dariya. "Wannan ai ɓarawonsa ba sai ya zo da babur ba."

Mai Makulli bai yi dariya ba. Ya fiƙe fensir, ya buɗe sabon shafi, ya ƙirga gidajen da ke bayan kunkurun ɗaya bayan ɗaya, ya gano wani ɗan ɓalli a gefen hagu, malamar ta ce tun tana 'yar shekara bakwai ta yar da shi daga kan matakala. Ya rubuta har da wannan. Da aka zo ɗaukar hoto, kunkuru ya janye kai da ƙafafu ya koma kamar dutse. Aka sa masa ganyen latas a gaba, aka yi masa magana mai daɗi, ko gezau. Malama ta ce haka yake da baƙi, sai an ƙyale shi.

Sai Mai Makulli ya aika aka kawo shayi kofi uku, ya matsa mata a benci. Suka zauna su uku suna hirar tsadar tabarau da ciwon gwiwa, wayar na hannun Tsohon Direba a saite. Shayin ya kusa hucewa kafin kunkurun ya leƙo, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wuya ya kama ganyen.